Daga Bakin Ruwan Nguru Zuwa Rumbun Duniya: Gwanintar Masu Ƙidayar Tsuntsaye

A tsakiyar watan Janairu, lokacin da hunturu ya kankama, ruwan ambaliya kuma ya fara ja da baya, akan ga wasu mutane sun yi sammako zuwa bakin ruwa a Nguru, Dagona da Baturiya. Ba su ɗauke da taru ko koma, ba su rataye da bindiga. Kayan aikinsu madubin hangen nesa ne, da ɗan littafi, da fensir, a yanzu kuma har da wayar hannu. Wani ya kafa madubi a kan sanduna uku yana kiran lamba, wani yana rubutawa. Tsuntsaye suke ƙirgawa.

Ganin tsuntsu ba abin yabo ba ne a wannan ƙasa. Yaron da ke korar jan baki a gonar shinkafa ya san tsuntsaye, masuncin da ya kwana a kan ruwa ya fi shi sani. Gwanintar da ta cancanci a tsaya a duba ita ce wadda ke biyo bayan gani: yadda za a rubuta abin da aka gani ta yadda mutumin da bai taɓa taka Yobe ba, wanda wataƙila ma ba a haife shi ba tukuna, zai ɗauka ya yarda da shi, ya haɗa da na wasu, ya fitar da hukunci. Sannan a saki rubutun a fili, kyauta, kowa ya ɗiba. Aiki ne mai ƙa'idoji, mai cin rai, kuma masu yin sa da kyau ba su da yawa.

Ƙasar da ruwa ya zaɓa

Kogin Haɗeja da Kogin Jama'are suna gangarowa daga kudu maso yamma, su iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin tuddan yashi, sai ruwan ya rarrabu, ya bazu cikin fadamu da tafkuna. Wani reshe ya bi mashigar Marma ya cika Tafkin Nguru, sauran kuma su sake haɗuwa kafin Gashuwa, su zama Komadugu Yobe mai nufar Tafkin Chadi. Tsakanin Nguru da Gashuwa tafiyar kilomita 65 ce ko kusa da haka, amma a wannan ɗan tsakani akwai shinkafa, kifi, goruba, ciyawar burgu ta dabbobin Fulani, da noman rani na barkono da albasa. Bade, Manga, Hausawa da Fulani duk a kan wannan ruwa suke rayuwa.

Tsuntsaye ma haka. Akwai 'yan gida irin su dinya, kirinjijiya, zalɓe da balbela. Akwai baƙi masu ƙetaro Sahara daga Turai da yammacin Asiya idan sanyi ya kore su, su yi watanni a nan, su koma kafin bazara ta yi nisa. An lissafa nau'in tsuntsaye 377 a wannan dausayi na Haɗeja-Nguru. Dagona, da ke cikin ɓangaren Bade-Nguru na Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi, ta yi suna har Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya ziyarce ta a 1989.

Ƙidaya mai tsari ta samu gindin zama ne bayan da aka kafa shirin kare dausayin Haɗeja-Nguru a 1987, da haɗin gwiwar ƙungiyar IUCN, da RSPB ta Birtaniya, da gidauniyar kare muhalli ta Najeriya wato NCF. Ƙidayar Janairu ta nuna tsuntsayen ruwa kusan 260,000 a 1995, sama da 200,000 a 1996, sama da 320,000 a 1997. Waɗannan lambobi sun yi aiki. Yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a Iran a 1971, tana da ma'auni: wurin da ke tara tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai, ko kashi 1 cikin 100 na yawan wani nau'i, ya cancanci a sa shi a jerin dausayoyi masu daraja a duniya. A shekarar 2000 Tafkin Nguru da mashigar Marma, mai faɗin hekta 58,100, ya zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin. Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008. A 2020 kuma UNESCO ta ayyana yankin Haɗeja-Nguru-Bade a cikin wuraren adana halittu na duniya. Ba da kyawun wuri kaɗai aka samu wannan ba. Da takardun da wasu suka cika a bakin ruwa aka samu.

Yadda ake ƙirga abin da ke tashi

Wanda bai taɓa gwadawa ba zai tambaya: ta yaya za a ƙirga garken da ya rufe rabin tafki, yana motsi, yana tashi yana sauka? Gwani ba ya bin su ɗaya bayan ɗaya. Yakan ƙirga goma a gefen garken, ya riƙe girman wannan goma a ido, sannan ya riƙa aza shi a kan sauran: goma, ashirin, talatin. Idan garken ya yi yawa sai ya koma hamsin-hamsin ko ɗari-ɗari. Mutum biyu kan ƙirga garke ɗaya ba tare da sun ji lambar juna ba, sai daga baya a gwada. In tazarar ta yi yawa a sake. Ana tsayawa ne rana na bayan mutum, domin wanda ya fuskanci rana inuwar tsuntsu kawai zai gani, ba launinsa ba. Ana kuma matsowa a hankali, domin garken da aka firgita kan tashi ya sauka a tafki na gaba, can kuma wata ƙungiya ta sake ƙirga shi.

Wannan ne ya sa ake yin ƙidayar cikin 'yan kwanaki ƙalilan, a lokaci guda da sauran ƙasashe. Ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya ta faro tun 1967, ƙungiyar Wetlands International ce ke tattara sakamakonta. An zaɓi Janairu ne saboda a lokacin baƙin tsuntsaye sun natsu a inda za su ci sanyi, ba su fara haramar komawa ba. Don haka ranar da ake ƙirga a Dagona, ana ƙirga a fadamar Kogin Neja a Mali, da bakin Kogin Senegal, da Tafkin Chadi. Sai an haɗa duka kafin a san ko wani nau'in agwagwa raguwa yake yi, ko kuwa bana wuri kawai ya sauya.

Abin da ke cikin layi ɗaya

Idan mutum ya dawo ya ce, "Yau na ga dinya da yawa a tafki," labari ya bayar. Mai aikin bayanai ba zai iya yin komai da wannan ba. Wace dinya? Nawa ne "da yawa"? Wane tafki, ta wane gefe? Wace rana? Wa ya gani, kuma awa nawa ya yi yana dubawa? Malaman hadisi sun daɗe da koya mana cewa magana ba ta tsayuwa sai da isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, yaya amincinsa. A nan ma haka abin yake. Kowane gani guda yana zama layi ɗaya a jadawali, kuma layin sai ya zo da shaidunsa.

Domin jadawalin Nguru ya iya haɗuwa da na Nairobi da na Berlin, masana suka amince da tsari guda na sunayen gurabe, mai suna Darwin Core, wanda aka tabbatar a 2009. Akwai gurbin sunan kimiyya, gurbin kwanan wata, gurbin lambobin wuri, gurbin adadi, gurbin sunan wanda ya gani, da gurbin da ke faɗin irin shaidar: ido ne ya gani, hoto ne, ko kuwa fata ce da ke ajiye a gidan tarihi. Kowane layi kuma yana da lambarsa da ba ta maimaituwa. Kwanan wata ana fara shi da shekara, sai wata, sai rana, saboda Ba'amurke da Bature ba sa karanta 3/2 iri ɗaya: ɗaya ya ce Maris, ɗaya ya ce Fabrairu.

Lambobin wuri su ne suka fi yawan jawo abin kunya. Nguru tana wajen digiri 12.88 arewa da 10.45 gabas. Mai shigar da bayanai ya yi gyangyaɗi ya musanya su, sai tsuntsun Nguru ya faɗo tsakanin Hong da Askira, ɗaruruwan kilomita daga ruwan da aka gan shi. Ya bar guraben ba komai, kwamfuta ta cike da sifiri, sai dinya ta bayyana a tsakiyar teku kudu da Ghana. Ya rubuta "Nguru" kawai ba tare da jiha da ƙasa ba, wani a wata nahiya ya kai ta Duwatsun Nguru na Tanzaniya. Shi ya sa gwani ba ya sakin jadawali sai ya zuba ɗigogin a kan taswira ya duba da idonsa. Yakan kuma rubuta faɗin shakkarsa: wannan ɗigo daidai yake cikin mita 30 domin da GPS aka ɗauka, wancan kuwa cikin kilomita 5 domin sunan ƙauye kaɗai tsohon littafin ya ambata.

Sunaye ma ba sa zama wuri ɗaya. Gawo da aka sani da Acacia albida ya koma Faidherbia albida. Bagaruwa ta tashi daga Acacia nilotica ta koma Vachellia nilotica. Ƙaramar agwagwar Turai da ke cika tafkunan nan da sanyi tana cikin rahotannin 1990 da sunan Anas querquedula, yau kuma Spatula querquedula ake kiranta. Wanda bai bi sawun wannan ba zai ɗauka wata ta ɓace, wata sabuwa ta zo. Ƙa'idar masu aikin ita ce a bar sunan da mai gani ya rubuta yadda yake, a ƙara sabon a gefensa, kada a goge asali.

Sai babban darasi, wanda ke raba ƙwararre da ɗan koyo: bambancin sifiri da gurbin da ba komai. Idan an je tafki an duba sosai ba a ga gauraka ba, sifiri ake rubutawa, kuma wannan sifiri ilimi ne mai tsada. Idan kuwa ba a je ba, saboda ciyawar kacala ta toshe hanyar kwalekwale ko mota ta lalace, a bar gurbin, a faɗi dalili. Wanda ya cakuɗa biyun zai sanar da duniya cewa tsuntsu ya ƙare alhali mai ƙirga ne bai iso ba. Duk irin waɗannan bayanai ana tara su a wata takarda da ke rakiyar jadawalin: su wa suka yi aikin, ta wace hanya, a ƙafa ko a kwalekwale ko ta jirgin sama, ina aka kai, ina aka kasa kaiwa. Gwanin gaske ba ya ɓoye inda aikinsa ya gaza, domin mai ɗauka ya san iyakar abin da zai ɗora a kai.

Taswirar da matasa ke cikewa

Ƙidayar Janairu ta tsuntsayen ruwa ce. Sauran fa, su cilakowa, carki, hasbiya da shirwa? A 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos ta ƙaddamar da shirin zana taswirar tsuntsayen Najeriya, bisa tsarin da Afirka ta Kudu ta fara a 2007. An yanka ƙasar gida-gida a kan taswira, kowane gida faɗinsa kusan kilomita 9 ta kowane gefe, gidaje sama da 11,000. Daga Nguru zuwa Gashuwa mutum zai ratsa wajen bakwai.

Ƙa'idar mai sauƙin faɗi ce. Ka shiga gida ɗaya, ka yi aƙalla awa biyu kana nema, ka leƙa kowane irin wuri da ke cikinsa, gona da fadama da cikin gari da daji, ka rubuta kowane nau'i bi da bi yadda ka ci karo da shi. Kana da kwana biyar ka rufe katin. Manhajar BirdLasser a waya tana ɗaukar wuri da lokaci da kanta, ko babu sabis, sai an dawo gari a tura. Hikimar tsarin tana cikin maimaici. Idan an cika kati 20 a gida ɗaya, tsuntsu ya fito a 18, wani kuma a 2, an san wanda ya yawaita da wanda ya yi ƙaranci ba tare da an ƙirga ko ɗaya ba. Bayan shekara goma a sake dubawa, a ga wanda ya ja baya.

Dakta Talatu Tende ta jagoranci shirin daga Jos, a Arewa kuma aka kafa ƙungiyar masu aikin sa kai da ake kira Arewa Atlas Team, wadda Abubakar Ringim na Jami'ar Tarayya ta Dutse, mai bincike a kan tsuntsayen Haɗeja-Nguru, yake cikin jagororinta. Ɗalibai ne da malamai da ma'aikata, suna haɗa mota su nufi inda taswira ta nuna ba a taɓa zuwa ba. Ba a karɓar komai ido rufe: in wani ya turo sunan tsuntsu a inda ba a san shi ba, sai a nemi ƙarin bayani ko hoto, masana su duba kafin a amince. A ƙetaren iyaka ma akwai makamancin wannan, rumbun bayanan tsuntsayen Nijar da Joost Brouwer da Ulf Liedén suka kafa, wanda daga baya ya faɗaɗa zuwa maƙwabta. Tsuntsun da ya kwana a Nguru yana iya yin kalaci a Nijar, don haka dole littattafan biyu su iya magana da juna.

Saki, amma da sunanka

Inda yawancin waɗannan koguna na bayanai ke haɗuwa shi ne GBIF, wani rumbu na ƙasa da ƙasa da gwamnatoci suka kafa a 2001, mai ofishi a Kopenhagen ta Denmark. Layukan da ke cikinsa sun haura biliyan 2, kuma duk mai intanet zai iya zana da'ira a kan Gashuwa ya sauke abin da aka taɓa rubutawa a wurin, ba da ko kwabo ba. Bayanan eBird, wadda jami'ar Cornell ta Amurka ta fara a 2002, suna shiga can. Na iNaturalist da aka tantance suna shiga. Na taswirar tsuntsayen Afirka ma haka.

A nan ne mai bincike na gida yakan ja da baya, kuma tsoronsa ba na banza ba ne. Ya sha rana, sauro ya cije shi, ya kashe kuɗin aljihunsa, sannan a ce ya zuba komai a fili, wani mai babbar kwamfuta a Turai ya kwashe ya yi suna? An daɗe ana yi wa Afirka haka. Amsar masu wannan sana'a ita ce a saki, amma a ɗaure da suna. Mai bayanai ne ke zaɓar lasisi: CC0 ya sallama gaba ɗaya, CC BY ya ce a yi amfani amma a ambace ni, CC BY-NC ya ƙara da cewa ban da kasuwanci. Kowane kundi yana samun lambar shaida ta dindindin da ake kira DOI, duk wanda ya sauke bayanai shi ma ana ba abin da ya sauke lamba. In ya buga bincike ya ambaci lambar, sai lissafi ya komo kan mai kundin: an yi amfani da aikinka sau kaza. Akwai kuma mujallun da ke buga maƙala a kan kundin kansa, bayan masana sun tantance, wadda malamin jami'a zai iya sawa cikin takardun neman ƙarin girma. Wanda ya ɓoye bayanansa a kwamfuta ɗaya, ranar da ta mutu sun tafi. Wanda ya saka su a rumbu da sunansa da kwanan wata, ya kafa shaidar cewa shi ya riga kowa.

Rumbun yana kuma dawo da abin da ya daɗe da barin gida. Boyd Alexander, wanda ya biyo Kogin Yobe zuwa Tafkin Chadi a tafiyarsa ta 1904 zuwa 1907, ya tara fatun tsuntsaye da suka ƙare a gidan tarihi a Ingila. Ganyayen da Turawan mulkin mallaka suka busar suna ma'ajiyar tsirrai ta Kew, ita ma a Ingila. A da sai mai kuɗin jirgi da biza ke ganinsu. Yanzu da ake ɗaukar hotunansu ana shigar da rubutun da ke jikinsu, ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, zai iya gwada abin da ke tsiro a da da abin da ya rage a yau.

Abin da ba a faɗa wa kowa

Buɗe bayanai ba ya nufin tona komai, kuma sanin abin da za a rufe yana cikin gwanintar. Ungulu da ta cika mahautan Arewa a da ta zama abin nema, har a 2015 IUCN ta sa ta cikin halittun da ke gab da ƙarewa. Babban abin da ke cin ta a Najeriya shi ne cinikin sassan jikinta don tsibbu da magani. Gauraka ma ta yi ƙaranci ƙwarai, saboda ɓacewar fadamu da kama ta da ake yi a kai gidajen masu hali. Wanda ya sa ainihin wurin sheƙar ungulu a intanet ya yi wa mai farautarta jagora. Saboda haka akan dusashe lambobin wuri, a nuna yanki mai faɗin kilomita da yawa maimakon bishiya guda, a rubuta a fili cewa an yi hakan da gangan, a adana ainihin wurin ga masu kare ta.

Haka nan ilimin mutanen gari. Masunci ko makiyayi ne ke nuna wa mai bincike inda tsuntsaye ke kwana da lokacin da suke isowa. Adalci shi ne a nemi yardarsa, a sa sunansa a gurbin wanda ya gani in ya amince, a kuma rubuta sunan da yake kiran halittar da shi. Darwin Core yana da gurbin sunan gida. Tun 1916 likita J. M. Dalziel ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa, marigayi Farfesa Russell Schuh kuma, wanda ɗalibansa ke kira Malam Takalmi, ya yi aiki da 'yan ƙasa suka fitar da ƙamus na Badanci, har da karin harshen Gashuwa. Haɗa waɗannan sunaye da na kimiyya aiki ne da ɗan Bade ko ɗan Nguru zai fi kowa iyawa.

Me talaka zai samu?

Tambaya ce da ta dace, kuma tarihin ruwan nan ya amsa ta. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Ambaliyar da kan rufe hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 da 1970 ta koma tsakanin 70,000 da 100,000. Sakin ruwa daga madatsun duk shekara ba rani ba damina ya sa wasu wurare ba sa bushewa, kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama masaukin jan baki mai cinye shinkafa da gero. Wani gari na kuka da yawan ruwa, na gaba da shi na kuka da rashinsa.

Da aka tashi kare haƙƙin mutanen fadama, ba a je da kuka kaɗai ba. Ma'aunin ruwan kogi da aka daɗe ana ɗauka a Gashuwa, da taswirar ambaliya, da lissafin kifi da itace da amfanin gona, su aka tara. Littafin da Hollis, Adams da Muhtari Aminu-Kano suka shirya a 1993, da binciken masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa, sun nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a fadama yana samar da arzikin da ya ninka na ruwan da aka tare don aikin noman rani na Kano. Har yau duk muhawarar da za a yi kan gina madatsar Kafin Zaki a Kogin Jama'are sai an koma ga waɗannan lambobi.

Ga kuma batun lafiya. Bayan murar tsuntsaye ta ɓulla a Najeriya a farkon 2006, masana sun zo dausayin a Fabrairun 2007, suka gwada agwagin daji, suka ɗaura wa wasu ƙananan na'urori masu magana da tauraron ɗan Adam. Ɗaya daga cikin ƙananan agwagin nan na Turai ta tashi daga arewacin Najeriya, ta ƙetare Sahara, ta yada zango a yankin Bahar Aswad, ta isa Rasha. Mai kiwon kaji a Kano da likitan dabbobi a Turai ashe hanya ɗaya ta haɗa su, kuma ba wanda zai gane hakan in kowa ya rufe littafinsa.

Aikin da ke jira

Abin da ya rage ba ƙarami ba ne. Idan aka buɗe taswirar GBIF, Turai da Amurka sun cika maƙil da ɗigogi, Sahel kuwa tsilli-tsilli. Ɗan abin da ke akwai ma yawanci na tsuntsaye ne. Kifayen Komadugu Yobe, waɗanda bikin kamun kifi na Bade ke tara jama'a dominsu, da ciyayin fadama, da ƙwari, da kwaɗi, ba su samu masu rubuta su kamar haka ba. Shirye-shiryen raya karkara irin su NEAZDP, mai hedikwata a Gashuwa, sun yi shekaru suna tara rahotanni. Duk shekara ɗalibai na rubuta kundin kammala karatu a kan itatuwan wani daji ko kifin wata kasuwa, a ɗaure shi da bango mai kyau, a jera a kanta. Kowane ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da layuka ɗari ko ɗari biyu da za su iya shiga rumbu, in an samu mai zama ya tace sunaye, ya nemo lambobin wuri, ya rubuta yadda aka yi aikin.

Wannan ba ya buƙatar ɗakin gwaji mai tsada. Yana buƙatar kwamfuta ɗaya, da wuta, da malamin da zai ce ba a karɓi kundi ba sai da jadawalinsa, da mutum mai haƙurin duba layi dubu yana neman guda ɗaya da ya karkace. Irin wannan mutum ba a kiransa a ba shi lambar yabo a taro. Amma duk ranar da aka zauna rabon ruwa tsakanin Kano, Jigawa, Bauci, Yobe da Borno, masu madatsa za su zo da lissafinsu a rubuce. Mutanen Nguru da Gashuwa ma suna buƙatar nasu: lissafi na shekara da shekaru, mai suna da kwanan wata, wanda ke ajiye a inda kowa zai iya buɗewa ya bincika, har da wanda bai so a ce gaskiya ne ba.